Ƙanina na Amurka yana son zare hannunsa daga gidan gado

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, gidanmu na gado yana Gwammaja. Ƙanina da muke ciki ɗaya ya gama Jami'ar Bayero ya tafi Amurka ƙaro karatu, yau shekara 14 ke nan. Ya zama ɗan ƙasa a can, injiniyan kwamfuta ne. Kwanan baya ya samu aiki a wani kamfani da ke yi wa ma'aikatar tsaron Amurka kwangila, aka ce sai an tantance shi kafin a bar shi ya taɓa bayanan sirri. Tun daga nan muka kasa gane kansa. Ya ce in rubuto masa cikakken suna da ranar haihuwa da adireshi da aikin kowa a gidanmu, har 'yan uba da matan babanmu, ga shi mu 17 ne wajen marigayi. Ya yi ta tambaya a kan Kawu, wanda tsohon soja ne, da mijin ƙanwarmu da ke aikin kwastam. Sannan ya ce in ware masa jarin da ya zuba a shagona, kuma yana tunanin barin kasonsa na gidan gado da filin da na saya masa a Rijiyar Zaki. Kuɗin da yake aiko wa Hajiya duk wata ta hannun wani mutuminmu da ke karɓar dala a can a ba mu naira a Wapa, ya ce ya daina bin wannan hanyar. Hajiya ta kwana biyu ba ta cin abincin kirki, tana cewa an raba ta da ɗanta. 'Yan uba suna cewa sunayenmu zai miƙa wa Turawa. Ni kuma na ba shi shawarar mu mayar da komai da sunana a takarda, tsakaninmu mun san nasa ne, shi kuma ya ce musu ba shi da komai a Najeriya. Ya ƙi, har muka yi sa-in-sa. Malam, yanke zumunci ya fara, ko ni ne ban fahimta ba?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba Hajiya lafiya da nisan kwana.

Ƙaninka bai juya muku baya ba. Mai shirin yanke zumunci ba ya zama ya lissafo 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba ɗakinsu ɗaya ba, ya sa hannu a ƙasa cewa waɗannan nawa ne. Wannan na faɗa maka da farko don hankalinka ya kwanta. Amma akwai wurin da zan tsaya da kai sosai, wato shawarar nan ta mayar da dukiya sunanka. Na san ƙauna ce ta sa, irin wadda babban wa yake yi wa ƙaninsa. Sai dai da ya ɗauke ta, da ita ce za ta kashe masa aikin, kuma tana iya kai shi gaban alƙali.

A Amurka, izinin ganin bayanan sirri na gwamnati ba haƙƙin kowa ba ne. Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke haka tun 1988, a shari'ar da aka yi tsakanin rundunar sojan ruwa da wani ma'aikacinta. Mutum ba ya neman izinin da kansa, sai hukumar gwamnati ko kamfanin da ya ɗauke shi ya tsaya masa. Daga nan sai a ba shi wani fom da ake kira SF-86, wanda in aka buga shi a takarda ya haura shafi 100. Duk tambayoyin da ƙaninka ya yi ta damunka da su, daga cikin fom ɗin nan suka fito. Akwai sashen dangi, inda dole ya rubuta uwa da uba ko da sun rasu, da matan uba, da 'yan'uwa shaƙiƙai, da 'yan uba, da surukai, wato iyayen matarsa. Ga kowane ɗaya da ba ɗan Amurka ba kuma yana zaune a waje, ana so a san inda yake, wa yake yi wa aiki, sau nawa suke magana, kullum ne ko mako-mako ko wata-wata ko sai shekara, kuma ko yana da alaƙa da gwamnati ko soja ko hukumar tsaro ta wata ƙasa. An tsara fom ɗin ne da tunanin gidan da ke da 'ya'ya biyu ko uku. Ɗan Gwammaja mai 'yan'uwa 16 sai ya kwana yana cikewa. Kawu da mijin ƙanwarku ba sa cikin jerin dangin da aka ambata da suna, amma akwai wani sashen da ke tambayar duk baƙon ƙasa, wato wanda ba ɗan Amurka ba, da mutum yake da kusanci ko hulɗa mai ɗorewa da shi a cikin shekara 7 da suka wuce. In yana gaisawa da Kawu duk Juma'a, Kawu ya shiga nan.

Me suke nema da wannan bin diddigin? Ƙa'idojin da ake yanke hukunci da su yanzu sun fara aiki ne a watan Yuni na 2017, guda 13 ne, akwai na bashi, akwai na shaye-shaye, akwai na halayyar mutum. Wanda ya shafe ku shi ne na biyu, mai magana a kan tasirin ƙasashen waje. Ba ya cewa samun dangi a wata ƙasa laifi ne, ba ya kuma tuhumar ku da komai. Tambayarsa ɗaya ce: akwai wata igiya da wani zai iya ja daga waje, har mutumin nan ya shiga halin zaɓi tsakanin amanar da aka ba shi da wani nasa? Mu nan Arewa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayanin wannan. Mun san yadda ake ɗauke tsohuwa a kira ɗanta da ke birni a waya. Su abin da suke aunawa shi ne, in aka kira ƙaninka aka ce ba kuɗi ake so ba, wani abu ake so daga kwamfutar ofis, yaya zai yi? Shi ya sa suke duba ƙasar da dangin suke: ko an san gwamnatinta da neman sirrin Amurka, ko kuma akwai barazanar ta'addanci a cikinta. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Amurka take ɗauka abokan hamayya, irin Rasha da Sin da Iran, kuma wannan yana taimaka masa. Amma Amurka ta saka Boko Haram a jerin ƙungiyoyin ta'addanci tun watan Nuwamba na 2013, kuma hare-haren da aka kai a garin nan ranar 20 ga Janairu 2012, da na Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki ranar 28 ga Nuwamba 2014, suna cikin bayanansu kamar yadda suke cikin zukatanmu. Don haka sunan Kano a fom ɗinsa zai jawo ƙarin tambayoyi. Gara ka san haka tun yanzu. Kuma dokarsu ita ce, duk inda shakka ta rage, ana rinjayar da ita ne wajen tsaron ƙasa, ba wajen mai nema ba.

Duk da haka, mutane da yawa da aka haifa a wasu ƙasashe, iyayensu na can gida, suna samun wannan izinin. Ana ɗora abu biyu a sikeli. Gefe ɗaya abin da ya ɗaure mutum da waje, ɗaya gefen abin da ya kafa a Amurka: shekarunsa a can, iyalinsa, gidansa, ajiyarsa ta fansho, shaidar da abokan aikinsa suke yi masa, da yadda ya riƙe amana a baya. Shekara 14 ba kwana 14 ba ne.

To mu dawo kan shawararka. Ka ce a mayar da komai sunanka, shi kuma ya ce ba shi da komai. Alhaji, fom ɗin ya riga ku zuwa wannan wurin. Akwai tambaya a cikinsa, ƙarara, cewa ko mutum ya taɓa samun wata dukiya a ƙasar waje wadda wani yake riƙe masa ko yake juya masa. Kalmar da ke wurin ita ce "taɓa", ba a ce yanzu ba, ba a ce shekara 7 ba. Haka tambayar gida da fili: ko ya taɓa mallaka, ko yana sa ran mallaka, ko yana shirin saye. Kason gado ya shiga, filin Rijiyar Zaki ya shiga, jarin shago ya shiga, ko da yau da safe aka sauya sunan. Wanda ya yi wa gwamnatin tarayyar Amurka ƙarya da gangan a irin wannan takarda, dokarsu ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5. Ko ba a kai ga kotu ba, ɓoye abu yana faɗawa ne ƙarƙashin ƙa'idar halayya, kuma ita ta fi wuyar wankewa. Fili ana iya sayar da shi a nuna takarda. Wanda aka kama ya yi ƙarya sau ɗaya, me zai sayar ya dawo da yardar da ta zube?

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, kuma ina so ka yi tunaninsa a tsanake. Ranar da ya ɓoye dukiyar, ranar ya ƙulla da hannunsa igiyar da ake tsoro. Kai ka sani, 'yan uba sun sani, dillalin da ya sayar da filin ya sani, shaidun da suka sa hannu sun sani. Gobe in aka saɓa a kan rabon gida, kuma ka san yadda gado yake raba kan 'yan'uwa a garin nan, mutum ɗaya ya isa ya ce masa: ka ba ni kaza ko in faɗa musu. Dukiyar da ya bayyana ba mai iya yi masa barazana da ita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ya ƙi shawararka, kansa ya kare, kai ma ya kare ka, domin da sunanka ne zai zauna a matsayin mai riƙe masa abin da ya ɓoye. Ka kira shi ka janye maganar da bakinka. Girmanka ba zai ragu ba.

Amma shi ma ina ganin tsoro ya sa yana neman yin gaggawa, kuma a nan kana da abin faɗa masa. Ƙa'idar ba ta ce sai mutum ya rabu da duk abin da yake da shi a waje ba. Abin da take dubawa shi ne ko dukiyar tana da girman da za a iya juya shi da ita. Ku yi lissafi. Gida ɗaya a Gwammaja, a fitar da tumunin takaba na iyaye mata, sauran a raba wa mutum 17, namiji rabon mata biyu. Abin da zai zo hannunsa, in aka mayar da shi dala a canjin da ake ciki tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, da wuya ya zama abin a-zo-a-gani kusa da albashin injiniya na shekara a can. Irin wannan kason sau da yawa bayyana shi da kiyasin kuɗinsa ya wadatar. Gidan uba kuwa ba bulo da kwano ba ne kawai. Wanda ya saki kasonsa cikin firgici yana iya zuwa ya yi nadama bayan shekara 20, ranar da ya kawo 'ya'yansa ya rasa ɗakin da zai ce musu nan ne namu. Ka ce masa kafin ya sa hannu a komai ya zauna da jami'in tsaro na kamfaninsu, kowane irin wannan kamfani yana da shi, kuma in da hali ya biya lauyan da ya ƙware a wannan fanni su duba lissafin tare.

Jarin shago shi ne na fi ba shi gaskiya a kai. Gado abu ne da ya faɗo masa, yana zaune wuri ɗaya. Kasuwanci kuwa yana motsi kullum, kuɗi na shiga na fita, ana hulɗa da mutanen da shi bai san su ba. Kai ka fi ni sanin daga ina yawancin dilolin atamfa da shadda da leshi suke shigowa Kwari. In kana sayo kaya daga Sin, ko kana da wanda yake tura maka daga can, to ƙaninka abokin tarayya ne a kasuwancin da ke da hulɗa da ƙasar da Amurka ta fi sa wa ido a kan satar bayanai. Kai ba ka yi laifin komai ba, sana'arka kake yi. Amma shi a wurinsa wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba zai iya amsa ta da "Yayana ne ya sani" ba. Don haka ka ware masa. Ɗauko littafin nan da kake rubuta shiga da fita, ka nemo ranar da kuɗinsa ya shigo, nawa ne a lokacin, ribar da aka taɓa ba shi, da abin da ya rage. A rubuta a takarda ɗaya, ku sa hannu, shaidu biyu su sa. In fitar da kuɗin gaba ɗaya zai karya maka shago, faɗa masa gaskiya ku tsara biya kashi-kashi ta banki, shi kuma ya rubuta a fom cewa yana bin ka bashin kaza, za a gama biya a lokaci kaza. Wannan magana ce mai kai da ƙafa, mai bincike zai iya bin ta.

Filin Rijiyar Zaki kuwa, fara duba sunan wa ke kan takardar cinikin. Da yawa daga cikinmu in muka saya wa ɗan'uwa na waje fili, sunanmu muke sawa don sauƙi, da niyyar a gyara in ya zo, shekaru su wuce ba a gyara ba. In haka ne, to ka ga tun tuni kana riƙe masa dukiya, kuma haka zai rubuta. Daga nan zaɓi nasa ne: ya riƙe ya bayyana, ko ya sayar, ko ya bayar. In kyauta zai yi, ga Hajiya ko ga wata ƙanwa da ke da buƙata, to ta zama kyautar gaske. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓa ya mallake ta a hannunsa, kuma ɗan'uwa ba ya ba ɗan'uwa abu ya dawo ya ce a mayar masa. Ku je wurin malamin da ya san fiƙihun gado ya zaunar da ku, a yi takarda, a bi ta ma'aikatar ƙasa a sauya suna. Abin da shari'armu take nema a nan da abin da masu bincikensa suke nema sun zo ɗaya: in ka ce ka bayar, ya zama ka bayar ɗin.

Kuɗin Hajiya ba zai tsaya ba, kuma bai kamata ya tsaya ba. Fom ɗin yana tambaya ko mutum ya taɓa tallafa wa wani baƙon ƙasa da kuɗi, wane ne, nawa, sau nawa. Ɗa ya rubuta cewa yana aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane da magani duk wata, wannan abu ne da suka saba gani. Hanyar ce matsala. 'Yan canjin Wapa mutane ne masu sana'arsu, an daɗe ana cin amfaninsu, ba a kansu nake magana ba. Ina magana ne a kan ɓangaren can, inda mutuminku yake karɓar dala hannu da hannu. A dokar Amurka, duk mai sana'ar tura wa mutane kuɗi sai ya yi rajista da hukuma, yin ta ba izini laifi ne. Kuma kuɗin da ya bi wannan hanyar ba shi da sawu. In aka tambayi ƙaninka ina dala kazan da ya cire duk wata take zuwa, ya ce Arewacin Najeriya, aka ce ina shaida, ba shi da rasit ko ɗaya. Ka buɗe wa Hajiya asusu da sunanta in ba ta da shi, ya riƙa turowa ta banki ko ta kamfanonin tura kuɗi masu lasisi. In canjin ya ɗan gaza na hannu, ku haƙura da bambancin. Sannan ka tuna masa, in yana da asusun banki a nan, ko sunansa na cikin masu sa hannu a asusun shago, kuma jimillar kuɗin da ke ciki ta taɓa haura dala 10,000 a cikin wata shekara, akwai rahoton da dokarsu ta wajabta masa kai wa baitulmalin Amurka a kan wannan shekarar. Mutane da yawa ba su san da shi ba sai bincike ya zo.

Maganar 'yan uba ba zan share ta ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Sunayenku za su shiga fayil ɗin gwamnatin wata ƙasa. A 2015 ma an gano cewa an yi kutse a kwamfutocin hukumar kula da ma'aikatan tarayyar Amurka, aka kwashe bayanan mutum miliyan 21.5, har da irin waɗannan fom-fom ɗin. Wanda ya ji ba daɗi yana da dalili. Amma shi ake bincika, ba ku ba, kuma abin da yake nema bai wuce abin da kowannenku ya riga ya bayar wajen yin katin ɗan ƙasa da buɗe asusun banki ba. Wanda ya ƙi bayarwa bai fitar da kansa daga fom ɗin ba, domin dole a rubuta shi, sai dai a rubuta shi da giɓi, giɓin kuma ya zama abin tambaya. Kada ka jefa maganar a zauren WhatsApp na gida, inda kowa zai tofa albarkacin bakinsa a gaban kowa. Ka je da ƙafarka ɗaki-ɗaki, ka fara da iyaye mata, sannan babban kowane ɗaki.

Wajen haɗa bayanan, ka yi a hankali da abu ɗaya da na san zai taso. Za ka ɗauko katin zaɓen Hajiya, da katin ɗan ƙasa, da fasfon da ta yi aikin Hajji da shi, ka shimfiɗa su a kan tabarma, ka tarar sunan ya zo da rubutu iri uku, ranar haihuwa kuma a ɗaya 1 ga Janairu ce, a ɗaya wata shekarar daban. In ka tambaye ta, za ta ce maka an haife ta ne lokacin Sarki Sanusi na farko, da kaka. Kada ka zaɓi wanda ya fi kyau ka tura masa, kada kuma ka ƙirƙiro. Ɗauki hoton dukkansu ka tura, ka gaya masa abin da ta faɗa. Fom ɗin yana da wurin da ake nuna cewa kwanan wata kiyasi ne, yana da wurin ƙarin bayani. Haka Kawu: muƙamin da ya yi ritaya da shi, da shekarar, da ko yana karɓar fansho. Tsohon sojan da ya ajiye kaki tuntuni yana zaman gidansa ba ɗaya yake da hafsan da ke kan aiki a sashen leƙen asiri ba, kuma masu auna abin sun san bambancin, in dai an ba su bayanin yadda yake.

Wani taimakon da za ku yi masa shi ne kame baki. A majalisar bayan Magariba, in aka tambayi labarinsa, yana nan lafiya yana aikin kwamfuta, shi ke nan. Kada yara su sa hotonsa a Facebook da alfaharin yana aiki da sojan Amurka. Wannan don shi ne, don Hajiya ne ma fiye da shi. Ku ma kada ku tambaye shi me yake yi a ofis, kada ku ji haushi in ya yi shiru. In kuma wani baƙon fuska ya fara zuwa shago yana yawan tambayar aikinsa, ko yana neman lambarsa ba dalili, ka sanar da shi a ranar, domin wajibi ne a kansa ya kai rahoton irin wannan, kuma kai rahoto da wuri yana cikin abubuwan da ake ƙirga masa a alheri.

Zuwa gida bai haramta gare shi ba. In ya samu izinin, zai riƙa sanar da ofis kafin ya fita ƙasar waje, ya faɗi inda za shi da ranar dawowa. Don haka zuwan Sallah zai zama abin shiri tun da wuri, in kuma larura ta taso akwai tanadin sanarwa cikin gaggawa a cika sauran bayan dawowa. Zamansa ɗan ƙasa biyu ma, wanda tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya halatta wa wanda aka haifa ɗan ƙasa, shi kaɗai ba ya hana izini a ƙa'idar 2017, muddin ya bayyana fasfonsa na Najeriya kuma yana shiga Amurka yana fita da nasu.

Ba zan yi maka alkawarin za a ba shi ba. Yana iya yin komai daidai a ce a'a, ko a hana shi izinin wucin gadi a farko sannan a ba shi cikakken daga baya, abin yakan ɗauki watanni. In an yi niyyar hana ma'aikacin kamfanin kwangila irinsa, ana aiko masa da takardar dalilai, yana da kwana 20 ya mayar da amsa, yana iya neman a saurare shi gaban alƙalin ma'aikatar tsaro, yana iya ɗaukaka ƙara, kuma bayan shekara ɗaya ana iya sake nema masa. Kwana 20 ba su isa a fara neman takardar fili daga Kano ba. Shi ya sa nake so takardar rabon gado, da ta jarin shago, da ta filin, su zama suna hannunsa tun kafin a tambaya.

Saura Hajiya, ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Ka gaya wa ƙaninka, in ya rage kiranta ne da tunanin hakan zai taimaka masa, to ya daina wahalar da ita. Masu yanke hukuncin nan suna ɗauka tun farko cewa hulɗar mutum da iyayensa da 'yan'uwansa na jini ba ta sama-sama ba ce. Ba wanda zai yarda cewa ɗan da ya shekara 14 yana kiran mahaifiyarsa ya wayi gari bai damu da ita ba, kuma ba wanda ya nemi ya yi hakan. Ya rubuta cewa kullum suke magana in kullum ne, ya ci gaba da kiranta yadda ya saba. Ita ba ta buƙatar jin labarin fom ko ƙa'ida ta biyu. Abin da ta ji shi ne ɗanta yana kwashe kayansa daga gidan ubansa, kuma shi kaɗai zai iya cire mata wannan.

Tsakanin Kano da gabashin Amurka awa biyar ne ko shida, gwargwadon lokacin shekara, to in a wannan ɓangaren yake, bayan Isha a nan shi yana tsakar rana. Ka sanar da shi tun yau ya nemi sararin rabin awa gobe. Ka je gidan da kanka, ka tafi mata da abin da ka san tana iya ci, ka kira shi ta bidiyo, ku gaisa a gabanta ta ga kun shirya. Sannan ka miƙa mata wayar ka koma zaure ka jira.